Ranar da Hallgeir Ya Ce Na Gode

A tsibirinmu na Rognøy, can ƙuryar arewacin Norway, ba a tambayar yaro abin da zai zama in ya girma, domin an riga an sani. Uban Hallgeir masunci ne, kakansa masunci ne, kakan ubansa ma teku ce ta cinye shi da takalma a ƙafa. Shi kuwa gogan naka, ranar da aka fara ɗora shi a jirgin ubansa, ko igiya ba a gama kwancewa ba ya dawo da abin da ya karya da shi, ya bi da na jiya. Aka ce ƙuruciya ce, zai saba. Aka gwada shi da rani, aka gwada shi lokacin shigowar kifi, aka ɗura masa jiƙe-jiƙen tsofaffi, duk a banza. Daga ƙarshe ubansa Steinulf ya dube shi ya yi laƙwas a kan raga, ya ce, "Ina ta murna na haifi ɗa, ashe manomi na haifa." A wurinmu kuwa in an ce maka manomi an gama da kai.

Da ya ga teku ba ta yi da shi, sai ya koyi tuƙi. Ya karɓi bas ɗin da ke tashi daga Ytterbukt, ƙauyen ƙarshe a tsibirin, ya bi gefen fjord, wato siririn hannun tekun da ya kutso cikin ƙasa, yana lanƙwasa da duwatsu, har tashar jirgin ƙasa da ke ƙetare. Sai dai mai gudun ruwa a tsibiri ina za shi? Babu gada tsakaninmu da ƙetare, dole bas ya hau jirgin fito safe da yamma. Aikin da Hallgeir ya zaɓa don ya rabu da teku shi ne ya riƙa ɗora shi a kanta kullum, har furfura ta cika masa kai.

A cikin jirgin fiton akwai ɗan shagon gahawa da waina. Mai shagon ita ce Reidun, gajera mai faɗin kafaɗa, wadda teku ta ɗauke wa miji tun 'yarta na rarrafe. Ranar farko da ya shigo yana dafa bango, ta leƙo ta ƙare masa kallo.

"Kai ne ɗan Steinulf mai ciyar da kifi kyauta?" Ta tura masa busasshiyar waina da baƙar gahawa. "Ungo, ci ka samu abin ba su, kar su ce mun yi rowa."

Ya gatsa, ya tauna, ya yamutsa fuska. "Wannan waina ce, ko tafin takalmi kika soya?"

"Tafin takalmin ubanka."

Ikon Allah, sai cikinsa ya kwanta. Daga ranar, da ya ja birki a cikin jirgi sai ya haye sama, ya zauna a kujerar da ke kusa da kaskonta. Ta ce masa mai kan kifi, ya ce mata uwar 'yan guba. Ta ce tuƙinsa ne ya sa tsofaffin tsibiri suka koma zuwa coci, ya ce gahawarta ake zubawa a injin jirgi in mai ya ƙare. A haka suka tsufa tare, ƙetarawa bayan ƙetarawa.

Mu nan arewa haka muke. Wanda ya ƙaunace ka shi ke zaginka, in ya zage ka har uwa da uba to ka shiga ransa. Ladabi na baƙo ne, da likita, da gawa. Duk tsibirin an san Hallgeir na son Reidun, an kuma san ita ma ba ta ƙi ba, amma ba wanda ya taɓa furtawa, balle su.

Da rani, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa, motarsa kan cika da 'yan yawon buɗe ido. Nan ne jarrabawar Hallgeir. Da an sha kwana dutse ya bayyana sai motar ta ɗauki "wayyo" da harsuna iri-iri, kowa ya manna goshi a gilashin da ya goge da safe. Su ga jan gida, hoto. Su ga kawunan busasshen kifi da aka shanya ana jiran a loda su zuwa Najeriya, su toshe hanci da hannu ɗaya, su ɗauki hoto da ɗayan. Shi dai bai taɓa gane abin kallon ba. Dutse ne da ruwa, in ji shi, ruwan ma na amai ne.

Wata rana wani Bafaranshe ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Direba, kai mai sa'a ne, kullum kana cikin aljanna."

Hallgeir ya ce, "Ka dawo a watan Janairu in nuna maka ɗayan gidan."

Kujerar gaba kuwa ta Gwaggo Borghild ce, ƙanwar ubansa, wadda ba ta da wani uzuri a ƙetare illa jin labarin mutane. Ita ce rediyon tsibiri. Abin da aka faɗa a motar da safe, kafin azahar ya isa Ytterbukt har da ƙari.

Shekara da shekaru 'yan siyasa na yi mana alkawarin rami a ƙarƙashin teku, wanda mota za ta bi ta ɓulla ƙetare ba sai an jira jirgi ba. Mun saba da alkawarin har muna kewarsa in zaɓe ya yi nisa. Kwatsam sai suka ba mu mamaki, suka haƙa. Aka sa ranar buɗewa, aka ce daga ranar jirgin fito ya yi ritaya. Kowa ya ce ai Hallgeir ne ya fi kowa cin riba, cikinsa zai huta.

Wata safiya Reidun tana juya waina, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "In an tsayar da jirgin nan Trondheim zan koma, wurin 'yata. Ta gyara min ɗaki."

Hallgeir ya kurɓi gahawa. "Allah ya ji ƙan mutanen Trondheim. Me suka yi miki?"

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Daga nan ya fita waje ya kama ƙarfen gefen jirgi ya yi ta kwara amai, alhali ranar teku a kwance take kamar ruwan randa. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Ya lissafa rayuwarsa ya ga in aka cire wannan kujera ta kusa da kasko, abin da ya rage sai sitiyari da gida mai sanyi. Yana so ya ce mata kar ta tafi, amma bakinsa bai san hanyar irin wannan magana ba.

A lokacin an kawo mana sabon fasto daga Oslo, Eivind, yaro mai kirki da murmushi har kunne, wanda ke tsoron tuƙi a hanyarmu don haka yake bin bas. Wata rana da motar ta kusa zama wayam, Gwaggo kuma mura ta kwantar da ita, Hallgeir ya yi gyaran murya.

"Fasto, wani abokina ne ke da matsala."

"Ina ji."

"Akwai wata mata da zai so ta zauna, ita kuma za ta tafi. Shi kuma jaki ne."

Fasto ya gyara zama, ya ga yau aiki ya samu. Ya tambayi yadda abokin ke yi wa matar magana. Da Hallgeir ya ɗan ɗanɗana masa, sai murmushin ya gudu. "A'a, a'a! Haba, wace mace ce za ta zauna ana ce mata uwar 'yan guba? Ka gaya wa abokinka ya sassauta harshe. Ya gaishe ta, ya yaba abin da ta dafa, ya ce na gode. Mace 'yar lallashi ce."

Ba laifin Fasto ba ne, a garinsu haka ake yi. Laifin na Hallgeir ne, da aka haife shi a nan ya kuma ɗauka. Ya kwana biyu yana gwada kalmomin a madubin mota, suna fita daga bakinsa da ƙyar kamar ƙayar kifi.

Ranar Litinin ya hau sama, ya cire hula, abin da bai taɓa yi ba. Shagon cike da masunta da direbobin manyan motoci.

"Ina kwana, Reidun. Don Allah a ba ni waina ɗaya."

Ta dube shi, ta dubi bayansa ko da wani ne ya yi maganar. Ta zuba masa. Ya ci, ya goge baki.

"Na gode. Ta yi daɗi ƙwarai."

Cokalin juyi ya suɓuce daga hannunta. Wani masunci ya ajiye kofinsa a hankali. Reidun ta zagayo ta ja shi gefe, ta rage murya.

"Me likita ya ce?"

"Wane likita?"

"Hallgeir, kar ka ɓoye min. A ina yake? Hanta ko huhu?"

"Lafiyata lau. Na gode da kulawa."

Wannan na gode ta biyu ita ta ƙarasa shi. Idonta ya ciko, ta koma bayan kasko ta juya wa mutane baya. Kafin jirgi ya kai gaɓa kowa ya san Hallgeir na hanya. Kafin yamma an san ciwon, wasu har sun san watan da zai cika.

Sai tsibiri ya tashi da zumunci. Ya riƙa samun ɗanyen kifi a rataye a ƙofarsa. Matan coci suka saƙa masa safa. Mutumin da suka yi shekaru suna rigima a kan iyakar shinge ya zo ya gyara shingen da kansa. Mafi muni, aka daina zaginsa. Mazan da suka saba shiga motarsa da "Manomi, yau wa za ka kashe?" suka koma "Sannu da aiki, Hallgeir," suna sunkuyar da kai. Reidun kuwa ta riƙa toya masa waina mai laushi, ta shimfiɗa masa jan cuku har ya zubo, ta ajiye a gabansa ta ce, "Ci a hankali." Shi kuma, da yake Fasto ya ce a dage, sai ya ce ya gode. Makonnin ƙarshe na jirgin fito, waɗanda ya kamata su more, haka suka cinye su suna yi wa juna ladabi kamar baƙin da suka haɗu a asibiti. Bai taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba.

Gwaggo Borghild ce ta fasa ƙwan bayan ta warke. Ta bi diddigi, ta tabbatar ɗan wanta bai taka ƙofar likita ba tun da ya cire haƙori, ta kuma sanar da duniya. Mutumin shinge ya zo ya mayar da shingen inda yake da. Matan coci suka aiko a ba su safarsu. Amma wurin Reidun abin ya fi haka nauyi. In mutum ba mutuwa zai yi ba, kuma ya koma ce miki na gode, to ya riga ya sallame ki ke nan, ya mayar da ke baƙuwa tun ba ki tafi ba. Haka ta fassara, kuma duk macen tsibirin nan haka za ta fassara. Ta ji ciwo ƙwarai. Ta daina sa cuku, ta ci gaba da ladabi, irin mai sanyin nan da ake yi wa mai karɓar haraji.

Ranar ƙarshe ta jirgin aka yi biki, da 'yan busa da jawabai da kek mai siffar rami. Hallgeir da Reidun suka yi musabaha a gaban jama'a.

"Allah ya sa a gama lafiya," in ji ta.

"Amin. Allah ya kiyaye hanya," in ji shi.

Bayan 'yan kwanaki ta tsaya a bakin hanya da babban akwati, sanye da rigar zuwa coci. Motar da za ta kai ta tashar jirgin ƙasa kuwa guda ɗaya ce a duniya. Ya sauka ya saka akwatin a ma'ajiyar kaya, ta ce sannu, ta wuce can tsakiya ta zauna cikin 'yan yawon buɗe ido. Fasto na baya da littafinsa. Gwaggo na kujerarta, ta tattara hankali wuri ɗaya, don ta san yau akwai kallo.

Suka shiga ramin. Karo na farko a rayuwarsa Hallgeir ya ƙetare teku cikinsa bai motsa ba, amma ya gwammace aman. Gwaggo ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

"Kai dai ka iya rakiya. Matarka ta farko ma da ta gaji da duhun hunturun nan, kai ka kai ta tasha da hannunka, har ka ba ta canji."

"Gwaggo, ana tuƙi."

"Tuƙa mana, wa ya riƙe ka? Ubanka ya ce manomi, ni na ce ya yabe ka. Manomi ai ya san ya rufe ƙofa kar akuyarsa ta fita."

Ya ƙara wa mota wuta. Suka ɓulla cikin haske, hanya ta kama hawa tsakanin dutse da ruwa. Suna shan wata kwana sai ga tumaki kwance a tsakiyar titi, suna shan ɗumin kwalta. Wannan ba sabon abu ba ne, oda ɗaya ce su watse. Hallgeir ya taka birki, ya kai hannu kan odar, ya tsaya. Sai ya janye hannun, ya kashe mota, ya naɗe hannuwa a ƙirji.

Da farko baƙi suka yi murna, aka yi ta ɗaukar tumaki hoto. Can wani ya dubi agogo. Wata ta ce jirgin ƙasa fa. Fasto ya taso ya ce cikin lallashi ko za a ɗan danna odar.

"Suna hutawa," in ji Hallgeir. "Ba kyau a tashi mai hutawa."

Daga tsakiyar mota muryar Reidun ta taso, a daskare. "Don Allah direba, a taimaka. Muna da jirgi."

"A yi haƙuri, uwargida. Na gode da fahimta."

To, nan ne tulu ya fashe. Ta miƙe tsam, ta taho gaba tana ture gwiwoyin mutane, fuska ta yi jawur.

"Uwargida? Uwargidan ubanka! Kai, mai kan kifi, sakarai, ɗan masuncin da ko kwano ba ya iya ƙetarawa! Ka isa ka sa in rasa jirgi saboda 'yan uwanka sun kwanta a hanya? Wata guda kana ce min na gode, na gode, kamar na ba ka sadaka! Na yi maka kuka, jaki, kuka na gaske, na ɓata cukuna a kanka, ashe ko mutuwar ma ba ka iya ba!"

Hallgeir ya ji wani daɗi ya ratsa shi tun daga tafin ƙafa. Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Ahaf, uwar 'yan guba, ashe bakin na nan! To ina za ki da wannan mugun kaskon? Mu nan hanjinmu ya riga ya mutu, mun saba. Ki je Trondheim ki kashe jikokinki, a kama ki, a ce 'yar Rognøy ce, ki ja mana abin kunya? Ki zauna inda aka san maganinki!"

"In zauna a ina, dolo? Gidana na ba Jamusawa haya. A kan shanyar kifi zan kwana?"

Baƙi ba su jin yaren, amma sun daina ɗaukar hoto, wata ma ta rungume jakarta tana jiran a fara dambe. Hallgeir ya dubi tumakin, ya dubi sitiyari.

"Akwai wani gida a Ytterbukt. Rufin na yoyo, mai gidan kuma jaki ne. Ga Fasto can, ranar Asabar ba ya aikin fari balle na baƙi."

Fasto, da ya ji ɗaurin aure ake nufi, ya buɗe baki, Gwaggo ta ɗaga masa yatsa, ya mayar ya rufe.

Reidun ta tsaya tana kallonsa, ƙirjinta na hawa da sauka. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta danna maɓallin ƙofa da kanta, ta sauka, ta bi tumakin nan da jakar hannu tana zaginsu har kakanninsu, suka watse suka haye dutse. Ta dawo tana haki, ta koma kujerarta.

"Ka kai bayin Allah tasha, kar su rasa jirgi saboda sakarcinka."

Ya tayar da mota. Sauran tafiyar bai san yadda ya yi ta ba. Yana ta satar kallonta a madubi, ita kuwa ta kafe taga da ido kamar yau ta fara ganin dutse. Gwaggo ma, wadda ba a taɓa jin ta yi shiru ba ko a jana'iza, ta kama bakinta.

Suka iso tasha, jirgin ƙasa na tsaye yana shirin tashi. Baƙi suka yi rububin sauka. Hallgeir ya buɗe ma'ajiyar kaya yana miƙa jakunkuna ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura babban akwatin can a ƙurya. Aikinsa ne ya sauke shi, bai kuma san ko an yafe masa aikin ba. Ya sunkuya ya ɗora hannu a kan mariƙin.

Aka ƙwanƙwasa gilashi a saman kansa. Ya ɗago. Reidun ce, tana zaune inda take, ko jakarta ba ta ɗauka ba. Ta ɗaga murya yadda duk tashar za ta ji.

"Taɓa shi ka gani, in ban karya maka hannun ba!"

Ya saki akwatin, ya ja murfin ya rufe. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa gaya masa magana mai daɗin wannan ba.